Bayan Shekara Talatin: Labarin 'Yan Ajinmu

Da daminar bara wata takarda ta iso mini daga sakataren ƙungiyar 'yan ajinmu. Shekara talatin ke nan da muka kammala kwalejin ilimi, inda na yi karatun koyarwa tun kafin Ubangiji ya kai ni makarantar tauhidi. An shirya taro, an kuma yanke shawarar buga ɗan littafi mai ɗauke da labarin kowa. Takardar tana da gurbi biyar: suna, wurin aiki, muƙami, iyali, sai lambobin yabo in akwai. A ƙarƙashinsu aka ja layi shida, aka ce mutum ya faɗi yadda rayuwa ta kasance masa. Gurbi biyar ɗin nan na cika su kafin shayina ya huce. Layi shidan kuwa sai da suka yi mako biyu a kan teburina, kullum in ɗauki biro in ajiye.

Ɗan'uwa mai karatu, ko 'yar'uwa, na san kai ma ka taɓa karɓar irin wannan takarda, ko da ba a rubuce ba. Da baki ake miƙa ta, a wurin biki, a gidan makoki, a tashar mota. Ka yi kiciɓis da wanda kuka zauna benci ɗaya da shi, ku rungume juna, ku yi wa juna dariyar furfura da teɓa, sai tambaya ta biyo baya: "To, yanzu kana ina?" Wani yakan amsa da ƙarfi. Wani kuwa sai ya fara duban agogo. Tambaya biyu nake so mu zauna a kansu. Idan aka ce mutum ya ba da labarin shekarunsa, wane labari ne na gaskiya? Idan kuma muka ji na tsaranmu, me ya kamata mu yi da shi?

Inda al'adar tara irin wannan labari ta fi kafuwa shi ne manyan makarantun Amurka. Mujallun tsofaffin ɗalibansu sukan ware shafuffukan ƙarshe domin labarin aji-aji: wane ya yi aure, wance ta sami ƙarin girma, wane ya yi ritaya, wane ya rasu. A Jami'ar Harvard, wadda aka kafa a 1636, abin ya wuce shafi ya zama littafi. Duk bayan shekara biyar kowane aji yana fitar da nasa kundi, wanda ake kira Jan Littafi saboda launin bangonsa, ana kuma gayyatar kowane tsohon ɗalibi ya rubuto labarin kansa. Wanda ya jera kundayen aji guda ya bi su ɗaya bayan ɗaya, zai ga rayuwar ɗan Adam tana wucewa ta gabansa. Na farko cike yake da sabon aiki da sabon aure. Na shekara ashirin da biyar, lokacin da ƙarfi ya kai ƙarfi, muƙamai ne da sunayen 'ya'ya. Na shekara hamsin kuwa jikoki ne da asibiti da rasuwar abokan zama, jerin waɗanda suka mutu kuma yana ƙara tsawo daga kundi zuwa kundi. A kowanne akwai waɗanda ba za ka karanta labarinsu ba, domin ba su aiko da komai ba.

Mu ma haka muke tunawa da makarantunmu. Kwalejin da aka buɗe a Katsina a 1921, wadda ta zama Barewa ta Zariya, ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Yakubu Gowon da Murtala Muhammad da Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Da an ambaci makarantar, sunayen nan ne suke zuwa baki. Amma ɗaruruwan da suka ci tuwo ɗaya da su, waɗanda suka ƙare aiki suna hedimasta a ƙauye ko akawu a ofishin En'e, ba a faye ba da labarinsu ba. Haka yake a kowace makaranta, ta gwamnati ko ta mishan.

Da littafinmu ya fito, na zauna da shi da dare bayan iyali sun kwanta. Zan gaya maka abin da na yi, domin ina zaton ba ni kaɗai ba ne. Na fara neman shafina, na duba ko hotona ya fito da kyau. Daga nan na shiga neman wasu mutum uku ko huɗu waɗanda a kwaleji nake ganin na fi su ƙoƙari. Ɗaya ya zama babban sakatare a ma'aikatar jiha. Ɗaya kuma, wanda sau da yawa ni nake yi masa bitar darasi ana gobe jarrabawa, yana da makarantu na kansa har biyu, 'ya'yansa suna karatu a ƙasar waje. Bakina ya ce, "Allah ya ƙara albarka." Zuciyata kuwa lissafi take yi. Ni da na yi wa'azi a kan hassada ban san sau nawa ba, ga ni da tsakar dare ina gwada albashin fasto da dukiyar abokina.

Ka lura da wani abu. Idan aka ce maka wani attajiri a wata ƙasa ya sayi jirgin sama, barcinka za ka yi. Abin da ke hana barci shi ne motar wanda kuka sha gari tare a ɗakin kwanan ɗalibai. Ku biyun rana ɗaya kuka tashi daga wuri ɗaya, da takardar shaida iri ɗaya a hannu, don haka duk tazarar da ta shiga tsakaninku sai zuciya ta ɗauke ta kamar hukunci ne aka yanke a kanka. Hassadar farko da Littafi Mai Tsarki ya nuna mana tsakanin wa da ƙane ta faru, a kan baikon da suka miƙa wa Allah. Waɗanda suka jefa Yusufu a rijiya kuma 'yan'uwansa ne da suka tashi gida ɗaya. Baƙo ba ya tsone ido kamar tsara.

Amma me na karanta a daren nan? Layi shida ne kawai. Ba na cewa abokaina ƙarya suka yi. Kowa zaɓe ya yi, kamar yadda ni ma na yi: bayan mako biyun nan, na jera ikilisiyoyin da na yi wa hidima da majami'ar da aka kammala gininta a hannuna, ban kuwa ambaci shekarar da na yi ina hawa bagade zuciyata a bushe, ina tunanin ajiye aikin ba. Zaɓen ba laifi ba ne. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, akwai kuma abin da sutura ta fi dacewa da shi. Ba wanda zai rubuta a littafin biki cewa shekara uku ke nan ɗansa na fari ba ya yi masa magana, ko cewa gidan da ke cikin hoton bashin banki ne, ko cewa likita ya ce a dawo a sake duba wani ƙullutu. Kuskuren yana wajen mai karatu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai ka san duk inda naka yake zuba, sai ka ɗauke shi ka gwada da zauren wani, wanda aka share aka shimfiɗa sabuwar tabarma domin baƙi. Irin wannan awo ba ya fitowa daidai. Ko dai ya bar ka da baƙin ciki, ko kuwa, in ka tarar da wanda ka fi, ya bar ka da girman kai, kuma dukansu biyu daga tushe ɗaya suke tsirowa.

Akwai waɗanda ba su tsaya ga layi shida ba. A 1938 likitoci a Harvard suka fara wani bincike da ya bi rayuwar samari 268 daga ɗaliban jami'ar, cikinsu har da John F. Kennedy wanda ya zama shugaban Amurka. Daga baya aka haɗa shi da wani bincike a kan yara maza 456 daga unguwannin talakawa na birnin Boston, suka zama 724. Ana aika musu da tambayoyi a kai a kai, ana duba takardunsu na asibiti, ana zuwa gidajensu ana hira da su, tun suna samari har suka tsufa. George Vaillant, likitan ƙwaƙwalwar da ya jagoranci aikin fiye da shekara talatin, ya nuna irin ɓarnar da giya ta yi wa aure da lafiyar mutanen da suka fara rayuwa da kowace irin dama a hannu. Robert Waldinger, wanda ya gaje shi, ya bayyana cewa idan ana so a gane wanda zai kai shekara tamanin cikin ƙoshin lafiya, daɗin zaman da yake ji da mutanensa yana ɗan hamsin ya fi awon kitsen jininsa nuna hakan. Yanzu ka sake duban takardarmu. A cikin gurbi biyar ɗin nan babu wanda ya tambaya ko kana da wanda za ka buga wa waya da tsakar dare idan ciwo ya tashi.

Wani malamin harkar kasuwanci a wannan jami'a, Clayton Christensen, da idonsa ya ga abin. A 1979 ya kammala karatu a can, yana kuma zuwa taron ajinsu. A taron farko kowa fes, ga aiki mai tsoka, ga sabon aure. Da shekaru suka tura sai ya ga da yawa suna zuwa da auren da ya mutu da 'ya'yan da suka yi nisa da su, waɗansu kuma sun daina zuwa. Ɗaya daga cikin 'yan ajin, Jeffrey Skilling, ya kai ga shugabancin kamfanin Enron. Kamfanin ya durƙushe a 2001, kotu ta same shi da laifin zamba a 2006, ya tafi kurkuku. A wani rubutu da Christensen ya yi a 2010, ya nuna cewa ba wanda ya bar makaranta da niyyar rushe gidansa. Abin da ke faruwa shi ne, aiki nan da nan yake biya: ka ba shi sa'a guda yau, gobe ka ga sakamako. Sa'ar da ka ba matarka ko ɗanka kuwa sai bayan shekaru masu yawa amfaninta yake bayyana. Saboda haka mai ƙwazo yakan riƙa ɗibar lokaci daga gida yana zubawa a ofis, kaɗan-kaɗan, bai ankara ba.

Waɗannan darussa ne masu kyau, ka riƙe su. Amma kada mu tsaya a nan. Idan muka ajiye mudun muƙami muka ɗauki mudun iyali, har yanzu awo muke yi, sabon mudun ma yana da waɗanda yake ƙwara. A ikilisiyarku akwai matar da ta yi shekara ashirin tana roƙon haihuwa. Akwai gwauruwar da mijinta ya rasu cikin rikici ya bar ta da marayu, akwai wanda bai taɓa aure ba, akwai uban da ya yi iyakar ƙoƙarinsa amma ɗansa ya bauɗe. Gurbin iyali yana iya yi musu ciwon da ya fi wanda gurbin muƙami ya yi mini. Muna bukatar abin da ya fi wannan zurfi.

Ka buɗe sura ta ƙarshe ta wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Timoti. Tsoho ne a kurkuku, yana ganin mutuwa ta matso, sai ya shiga ba da labarin abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, sai ka ce sakataren aji. Titus yana Dalmatiya, Tikikus an aike shi Afisa, Tarofimas ciwo ya tsayar da shi a Militas, Luka ne ya rage tare da shi. Mutum biyu nake so ka tsaya a kansu, Markus da Dimas. Da an buga littafin aji a lokacin da Markus ya juya daga Bamfiliya ya koma Urushalima, ya bar Bulus da Barnaba a tsakiyar tafiya, da shafinsa abin kunya ne. A kansa ne manzannin biyu suka yi saɓanin da ya raba su, Barnaba ya ɗauke shi suka nufi Kubrus. Da kuma an buga wani littafin a lokacin da Bulus ya rubuta wa Filimon, da Dimas yana cikin waɗanda ake yabo, domin a can an ambace shi cikin abokan aiki. Amma a wannan sura ta ƙarshe son duniya ya ja Dimas zuwa Tasalonika, Markus kuwa shi ne wanda tsohon yake roƙo a zo masa da shi saboda amfaninsa ga hidima. Hausawa suka ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Bishara ta ƙara abin da karin maganar ba ta faɗa ba: wanda ya koma baya, alheri yana iya dawo da shi, sau da yawa kuma ta hannun wani Barnaba ne da ya ƙi fid da rai da shi. Kowane littafin aji a tsakiyar labari ake buga shi.

Almajirai goma sha biyun ma 'yan aji ɗaya ne, a gaban Malami ɗaya. A sura ta 12 ta Ayyukan Manzanni, Hirudus ya sa aka kashe Yakubu, ya kuma kama Bitrus, amma mala'ika ya fito da shi daga kurkuku da dare. A sura ɗaya wannan ya mutu wancan ya tsira, ba a kuwa ce Bitrus ya fi Yakubu bangaskiya ba. Waɗansu daga cikinsu kuma, bayan an jera sunayensu a sura ta fari, littafin bai sake ambatarsu da suna ba. Shi kansa Bitrus ya taɓa faɗawa ramin da na faɗa a daren nan. A bakin Tekun Galili, bayan tashin Ubangiji daga matattu, Yesu ya nuna masa irin mutuwar da ke jiransa. Bitrus ya waiga ya ga Yohanna yana biye da su, sai ya so ya san shi kuma yaya tasa za ta kasance. Yesu bai ba shi labarin Yohanna ba. Ya nuna masa cewa rabon Yohanna a hannun Ubangijinsa yake, ya kuma maimaita masa kiran da ya yi masa tun farko, na ya bi shi.

Amsar tambayarmu ta farko ke nan. Labarin gaskiya na shekarunka shi ne yadda ka yi da abin da aka damƙa maka, a wurin da aka ajiye ka. A misalin talanti, bawan da aka ba biyar da wanda aka ba biyu yabo iri ɗaya suka samu, domin aminci aka duba. Wannan labari ba ya shiga layi shida, Ubangiji ne kaɗai ya san shi duka, shi ne kuma zai karanta shi a ranar ƙarshe.

Saura tambaya ta biyu. Da na gama lissafina a daren nan, na sake bin littafin daga farko, ina duban shafuffukan da na tsallake. Jerin waɗanda suka riga mu ya fi yadda na zata tsawo. Akwai kuma sunayen da ba komai a ƙarƙashinsu. Ɗaya daga ciki na wanda ya fi kowa ƙwaƙwalwa a ajinmu ne, wanda malamai suke cewa farfesa zai zama. Na ji labarinsa a bakin mutane shekaru da suka wuce, cewa giya ta raba shi da aikinsa, matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu. Na ji, na ce "Allah ya kyauta," na ci gaba da harkokina. Garin da yake zaune bai kai tafiyar awa uku daga inda nake ba. A cikin shekarun nan na sami lokacin zuwa bikin buɗe makarantar abokina mai dukiya, na sami na zuwa ɗaurin auren 'yar babban sakatare. Shi kuwa ban taɓa samun lokacinsa ba. Ashe laifina da ya fi hassada girma yana nan a farin shafi.

Na shirya na tafi. Na same shi a wata 'yar rumfa kusa da kasuwa yana koya wa yara lissafi da yamma, iyayensu suna ba shi abin da ya sauwaƙa. Ya rame, haƙoransa biyu na gaba sun zube. Ya daɗe yana dubana kafin ya kira ni da laƙabin da rabona da jinsa tun muna kwaleji. Na tambaye shi me ya hana shi aiko da labarinsa. Ya ce, "Kai ma dai, Fasto, me zan rubuta? Ban da suna, wane gurbi zan cika?" Muna cikin hira ya gaya mini shekara huɗu ke nan bai kai kwalba bakinsa ba, yana kuma ƙirga kwanakin ɗaya-ɗaya. Wani dattijon ikilisiya, manomin da bai taɓa shiga aji ba, shi yake biyo masa kowace Lahadi su tafi sujada. Matarsa ba ta dawo ba, mai yiwuwa kuma ba za ta dawo ba. Amma 'yarsa ta fari ta fara ɗaukar wayarsa. A duk littafinmu ban karanta nasarar da aka biya da tsada kamar wannan ba, takardarmu kuwa ba ta da gurbinta. Barnabansa manomi ne. Ni da na yi karatun tauhidi ina can wurin bikin buɗe makaranta.

Saboda haka, ƙaunatacce, idan irin wannan littafi ya zo hannunka, ko ka je taron tsofaffin ɗalibai, ko labarin tsaranka ya iso kunnenka a kasuwa, ga abin da nake roƙonka. Wanda Allah ya ɗaukaka, ka yi masa murna. In murnar ta ƙi zuwa, ka faɗa wa Ubangiji gaskiya, ka kuma riƙa yi wa mutumin addu'a da sunansa, domin da wuya ka daɗe kana yi wa mutum addu'a kana jin zafinsa, ba ka kuma san kayan da yake ɗauke da shi a bayan hoton ba. Idan kai ne aka ɗaukaka, ka faɗi labarinka yadda na kusa da kai ba zai ji ya ƙanƙance ba. Ka ambaci waɗanda suka tallafe ka, kada ka ɓoye cewa kai ma ka sha tuntuɓe. Idan kuwa kai ne mai farin shafin, wanda kunya ta hana shi zuwa taro, ka tuna da Markus, ba a rufe littafinka ba tukuna. Sa'an nan dukanmu mu koyi karanta jerin daga ƙarshe. Mu fara da waɗanda suka rasu, mu tambayi wa ke kula da matansu da 'ya'yansu, mu bi da waɗanda suka yi shiru. Zumunci a ƙafa yake. Ka zaɓi suna ɗaya a wannan mako, ka nemi inda yake, ka je.

Taronmu na gaba saura shekara huɗu. Ni da abokina mun yi alkawari, in Ubangiji ya kai mu, mota ɗaya za mu shiga.

Ya Ubangiji, kai da ka san labarinmu duka, har da abin da muka ɓoye wa takarda, ka raba mu da gwada kanmu da 'yan'uwanmu. Ka ba mu aminci a cikin abin da ka damƙa mana, ka kuma ba mu ƙafar zuwa wurin wanda ya yi shiru. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.